Tun da Inna Rumisa Ta Rufe Rumfarta

Garin Senaru, tsibirin Lombok

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar Baba? Yaya ƙanwata Sumarni da jaririnta? Ni lafiyata ƙalau, kada ki sa komai a ranki.

Aikin dako na nan. Kwana uku muke yi a kan dutsen Rinjani, kwanduna biyu a kafaɗa, muna dafa wa baƙi 'yan yawon buɗe ido abinci. In mun sauko gari ne matsala. Garin nan duk gidajen abincin baƙi ne, burodi da cuku, abin da cikina ba ya karɓa. Dā akwai wata tsohuwa, Inna Rumisa, mai dafa wa 'yan dako shinkafa da romon kifi. Da ta hango ni sai ta ce, "Mahsun, zauna kafin iska ta ɗauke ka." Yanzu ta koma ƙauyensu, rumfarta ta zama wurin shan kofi.

Tun daga nan ciwon cikina ya dawo. Shekaranjiya na ɗan zauna a hanya, abokan aikina suka ce wai faɗuwa na yi. Shugabanmu ya ce, "In ka sake, ka ajiye kwandon."

Inna, don Allah ki sa Sumarni ta rubuto mini yadda kike yin miyar kifi da tsamiya. Na gwada sau biyu, ko kyanwar maƙwabta ba ta kalla ba.

Ranar Litinin za mu sake hawa. Ki roƙa mini Allah in sauko da ƙafafuna.

Ɗanki,
Mahsun