Ƙorafin da Na Goge da Hannuna

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Kula da Manhajar Garke, Dutse.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Ni malamin dabbobi ne a Miga. Shekara biyu ke nan ina hidima wa wannan manhaja ta rubuta rigakafin shanu. Kun ce ta kowa ce, cikinta a buɗe yake, mai iyawa ya gyara, kuma duk shawara a dandalinmu na intanet za a yanke ta kowa na gani. Ni na mayar da ita Hausa. Ni na bi ruga-ruga a babur har makiyaya suka yarda suka bar katin takarda.

Na ɗaya. Da aka kawo shawarar cire ɓangaren da ke aiki ba tare da sabis ba, na rubuta a dandali cewa rugagenmu ba sabis, sai mutum ya hau tudu yana ɗaga waya. Ko awa ba a yi ba ka kira ni, ka ce bai dace ƙarami ya ja da babba a bainar jama'a ba, in sauke rubutun mu tattauna a keɓe. Sa'an mahaifina ne kai. Kunya ta kama ni, na goge.

Na biyu. Har yau ina jiran wannan tattaunawa. Ku huɗu 'yan kwamiti kuka gama magana a rukuninku na waya da ba ma ciki, ran Litinin sai ga sanarwa wai an cire ɓangaren tunda babu wanda ya yi ƙorafi. Wallahi sai da na karanta sau uku. Daga baya na ji ashe mu uku ka kira, kowa ya goge nasa yana zaton shi kaɗai ne marar kunya.

Na uku. Tsohuwar manhajar da ke wayoyinmu, mai aiki ba sabis, za ta daina aiki ƙarshen wata, ga rigakafi ya matso, katunan kuwa tuni aka hura wuta da su. Jiya Ardo ya tambaye ni waɗanne maruƙa ne suka rage ba a yi wa allura ba, na duba masa a tsohuwar, ina sane wata mai zuwa ba inda zan duba. An ce in ban gamsu ba in kwafi manhajar in yi tawa. Ni allura na sani da fassara. In na fita na watsar da mutanen da suka amince da ni, in na zauna sunana na cikin waɗanda suka yi shiru. Gaba kura, baya siyaki, kuma abin yana ci mini rai.

Ina roƙo a dakatar da wannan hukunci, a mayar da maganar dandali. Ina kuma roƙon ka rubuta da kanka cewa an yi ƙorafi, kai ka sa aka goge.

Allah Ya ƙara maka girma, Ya yi maka jagora, Ya sa ka gama lafiya.

A dandali na sa wannan wasiƙa. In ka kira zan ɗauka, in gaishe ka kamar yadda na saba, amma wannan karon ba zan goge ba.

Wassalam.

Ɗanka,
Malamin dabbobi daga Miga.