Ranar da Muka Auna Mamanku da Jarkokin Ruwa

Zuwa ga 'yata, kuma uwata tunda sunanta kika ci,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uba da 'yarsa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran nan masu hana ki barci. Allah ya ba ki ƙarfin ƙafa a ɗakin marasa lafiya, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda kika taɓa. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Auta ta gama jarrabawa, ta ce ta yi ƙoƙari, amma yadda take kallon rufin ɗaki idan na tambaya ya sa na daina tambaya. Gwaggonki ta zo mana kwana biyu, ta gyara mana zaman kujerun falo, ta gyara mana zaman aure, ta koma. Mamanku kuwa, wadda kin san ba na kiranta da komai sai Gwamnati, gwiwar nan tana yi mata tsiya da safe, amma bakinta garau yake, alhamdu lillahi.

Za ki yi mamakin ganin rubutu maimakon kira. Dalili shi ne a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana, da na ambaci mota sai ki ce an rufe wannan zance. Takarda kuwa ba ta katse mutum. Ki yi haƙuri da hannun rubutun, kin san ni da makaranta mun rabu tun ba mu gama sanin juna ba, kuma babu wanda ya yi kewar wani. Auta za ta ɗauki hotonta ta turo miki. Inda kika kasa karantawa, ki ɗauka yabonki nake yi.

To, maganar makulli ce. Kin tuna ranar da muke dawowa daga asibiti wajen gashin gwiwar mamanku, a kwanar nan ta bayan gada, bayan jif ɗin da kika saya mana ya yi wata irin rawa, ya ja mu gefen titi har tayar baya ta leƙa kwata. Babu wanda ya ji ciwo, amma kafin in gama ajiye motar labari ya riga ya isa ƙasar da kike. Ke da mamanku kuka yi zaman kotu ta waya, ba a kira wanda ake tuhuma ba, aka yanke cewa hannun Baba ya fara rawa, idonsa ya yi rauni, a karɓi makulli a ba Gwamnati ta riƙe kafin ki yanke ko a nemo direba ko a sayar da motar. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a kan sitiyarin motar kamfani ina rarraba kaya, ban taɓa take ko kaza ba, sai ga ni tsaye ina kallon makullina yana shiga jakar hannu, ya kwanta tsakanin man zafi da carbi.

Ban yi gardama ba, don na san tsoro ne ya sa ki, ba raini ba. Na je an duba idon kamar yadda kika umarta, likita ya ce in ban da ƙananan haruffa, waɗanda dama ba mu taɓa shiri da su ba, ina gani sarai. Amma ni ma na tsorata, Uwata. Kullum da safe sai in cika kofin shayi har baki, in miƙe hannu in riƙe shi, ina jiran in ga ko zai zube. Bai taɓa zuba ba, sai dai ya huce kafin in gama shari'a da kaina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin mamanku tana hawa keke mai ƙafa uku zuwa asibiti, kowane ramin titi yana shiga gwiwarta kai tsaye. Har ta fara tsallake ranakun gashi, wai ta ji sauƙi, alhali ina jin nishin da take yi idan za ta tashi daga kan sallaya.

Da na tabbatar hannuna lafiyarsa ƙalau, sai na koma tuhumar motar. Na tuna wata ƙara, ƙwal-ƙwal, da nake ji daga baya idan mun hau tudun rage gudu, wadda na ɗauka kwanukan mamanku ne ke hira a but ɗin motar. Na durƙusa na shafa tayoyin baya, sai na ji gefensu na ciki ya cinye sumul, na waje kuwa kamar jiya aka saya. Nan take na aika wa kawunku bakanike, wanda duk unguwa ke kira Gobe-da-safe saboda abin da yake ce wa duk wanda ya zo karɓar motarsa ke nan. Abin mamaki, a ranar ya zo, da akwatin kayan aikinsa. Ya ce ya ji hukuncin da aka yi mini, kuma idan aka fara sauke tsofaffi daga aiki ta waya, shi ne na gaba, don shi ma yana da 'ya a nesa.

Da yake makulli ba ya hannunmu, a tsakar gida muka yi aikin, inda motar take. Gwamnati tana baranda da ɗinkinta, idan muna buƙatar a buɗe ƙofa sai mu ɗaga hannu, ta ciro makulli ta danna daga inda take, ta mayar jaka. Kawunku ya ɗaga bayan motar da jak, ya tokare ta da ƙafafun ƙarfe, ya kama tayar ta sama da ƙasa ya girgiza. Sai ga ƙwal-ƙwal ɗin nan ta amsa sunanta. Ya ce bol-jon ne. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin mahaɗar ƙugu, ƙwallo a cikin kofi. To mota ma tana da irinta ta ƙarfe, ita ke haɗa ƙafar baya da wani hannu da ke riƙe da jikin motar, an lulluɓe ta da roba cike da giris. Robar tamu ta yage, giris ya gudu, ƙasa da ruwa sun shiga, ƙwallon ya cinye har yana yawo a cikin gidansa. A miƙaƙƙiyar hanya ba ya tona kansa. Sai an karya kwana da nauyi a baya, ƙafar ta karkace, bayan motar ya nufi inda ya ga dama, ko da wane ne ke riƙe da sitiyari.

A irin wannan jif ba a sayar da ƙwallon shi kaɗai, da hannunsa yake zuwa, kuma muka sayo na hagu da na dama, don kawunku ya ce sa'annin juna ne kamar ni da shi, idan ɗaya ya gaji ɗayan ma yana hanya. Muka cire taya, muka zare ɗan fin ɗin da ke hana noti kwancewa. Notin kuwa tsatsa ta aure shi, sai da muka jiƙa shi da mai, muka zura wa sifana dogon bututu, na hau kai da duk abin da Allah ya ba ni na nauyi, sannan ya saki da wata ƙara kamar an taka wutsiyar mage. Wajen fitar da ƙwallon, kawunku ba ya dukan kansa, sai ya daki gefen ƙarfen da ya cije shi, wani kuma ya tokare ta ɗaya gefen da guduma ta biyu. Ni ne mai guduma ta biyu. Na hagu ya fita ba gardama, na dama sai da ya karɓi harajinsa a babban ɗan yatsana, har yanzu farcen baƙi ne, amma ki lura, duka ne ya yi shi, ba tsufa ba. Na ɗauki tsohon ƙwallon na kai wa mamanku na sa mata a tafin hannu. Kansa yana lilo kamar na yaro mai gyangyaɗi, sabon kuwa ko da hannu biyu da ƙyar kike motsa shi. Ta girgiza shi kusa da kunnenta, ta naɗe shi a ƙyalle, ta ajiye a gefe.

Yanzu ga inda labarin yake. Ɗaya ƙarshen hannun nan yana da kusa mai ratsa wata roba mai kauri, kuma kawunku yana da ƙa'idar da ba ya karyawa: ba a ɗaure wannan kusa taya tana reto a sama. Idan aka yi haka, da an sauke motar robar za ta murɗe, ta zauna a murɗe har ta yage. Sai mota ta tsaya da ƙafafunta, ɗauke da nauyin da ta saba ɗauka kullum. Muka sauke tayoyin baya a kan katakai masu kauri don in samu wurin shiga, muka tare na gaba da duwatsu. Ya tambaye ni wane kaya motar ta saba ɗauka, na ce kaya ɗaya ne, yana zama a kujerar baya ta gefen dama, da jaka a cinya. Na je baranda na cire hula na gabatar da buƙata. Ta ce ta riga ta gaya wa 'yarta ƙafarta ba za ta sake taka motar nan ba.

Kawunku ya ce ba komai, jarkokin ruwa ma za su wadatar, abin da ake so dai a kwatanta nauyin. Muka cika ɗaya muka ɗora a kujerarta. Ya ja da baya, ya kalli baranda, ya kalli motar, ya girgiza kai ya ce da saura. Muka ƙara. Ya sake kallon baranda, ya ce da saura sosai. Allura ta daina motsi a hannun mamanku. Muka ci gaba da jido har jarkokin gidan suka ƙare, sai ya ɗaga murya ya ce in leƙa maƙwabta in aro nasu, in gaya musu dalili don kada su yi mana rowa. Nan Gwamnati ta ajiye ɗinki. Ta ce mu kwashe mata tarkacen nan daga kujera, ba za a yi shelar nauyinta a unguwa tana raye ba, kuma mu biyun tun muna samari ba mu da aikin yi sai iya shege. Ta shiga ta zauna, jaka a cinya, makulli a dunƙule cikin hannu. Motar ba ta sauka ko rabin yadda ta sauka da jarkoki ba, kuma sai da ta sa muka shaida hakan da bakinmu, ɗaya bayan ɗaya.

Na shimfiɗa kwali na shige ƙarƙashi na ɗaure kusoshin, ina jin ta ta taga tana ba ni umarnin in ɗaure da kyau, kamar ta taɓa riƙe sifana. Kawunku ya bi bayana da irin sifanar nan mai yin ƙas idan ɗauri ya kai, ya ce ya yi. Da na fito ina kaɗe riga, sai na ga mamanku ba ta sauka daga motar ba. Kawunku ya ce abin da ya rage shi ne a kai motar wajen masu saitin ƙafa da na'ura, kuma sai an tuƙa ta za ta je. Ina goge hannu da tsumma, na buɗe baki zan ce bari mu nemo wanda zai ja ta, sai mamanku ta ce in miƙo hannuna ta gani. Ta kalle shi, baƙi ƙirin da giris, ta ce kullum tana hango ni ta ƙofar kicin ni da kofina, shayin bai taɓa zuba ba, kuma ta gaji da ɗumama shi. Sai ta buɗe tafinta ta sa mini makullin. Ta ce tunda ta riga ta zauna, gwiwarta ba za ta yarda ta sauka ta sake hawa ba, in ja mu je.

Bayan an yi saitin, da gangan na biyo ta kwanar bayan gada. Motar ta kwanta a hanya kamar an ja ta da zare, babu ƙara, babu rawa. Na saci kallon madubi don in ga ko mamanku ta riƙe ƙofa, sai na ga tana neman wani abu a jaka. Da ta ɗago, cewa ta yi in ƙara wuta, ga mai keke ya wuce mu. Tun daga ranar ba ta sake tsallake gashi ba.

Amma ta ce aro ta ba ni, maganar ƙarshe taki ce, tunda ke kika sayi motar kuma ke kika yanke hukunci. Shi ya sa na rubuto, Uwata: ki janye. Na san hannuna, na san motar, kuma yanzu na san abin da ya ja mu kwata, yana nan naɗe a ƙyalle, mamanku ta hana a jefar, wai sai kin zo kin girgiza shi da kanki. Zan riƙa zuwa duba ido duk lokacin da kika ce. Ranar da kofin nan ya zube kuwa, ba sai an yi zaman kotu ba, da kaina zan mayar da makullin tsakanin man zafi da carbi.

Ki gaishe mini da surukina, ki ce na gode da haƙurin da yake yi da ke, na san gidan da kika fito. Ki gaida amaryata 'yar ƙarama, ki ce mata angonta ya dawo kan sitiyari, da ƙanenta mai ƙwace mini ita, ki ce ina jiran sa mu yi kokawa. Auta da gwaggonki suna gaishe ku. Kawunku Gobe-da-safe yana gaisuwa, ya ce don Allah idan kin kira mamanku kada ki tambaye ta jarka nawa ne. Allah ya tsare ku, ya yi muku albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mahaifinki,
direban Gwamnati, mai jiran a tabbatar da shi a bakin aiki.