Motata Mai Tafiya da Baya

Zuwa ga Baturen kamfanin sayar da motoci da ke Zariya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mutanenka. Bayan haka, ranka ya daɗe, ni ne Malam Hassan mai goro na Gwandu, wanda ya sayi baƙar motar nan a hannunka bayan Sallar Layya. Na sa an karanta takardar nan a kasuwar Gwandu da ta Kalgo kafin ta iso gare ka, domin a gaban mutanen nan abin ya same ni.

Na farko. Ranar ciniki tafintanka ya ce mini mota ta fi doki, don ba ta gajiya, ba ta harbi. Ranka ya daɗe, tana harbi. Ƙanena Bello, wanda ke tuƙa ta, ya kama ƙarfen nan na gaba zai murɗa ta tashi, ta mayar masa da shi a tsintsiyar hannu. Sai Kambaza munka kai shi wurin mai ɗori.

Na biyu. Da ta mutu mana a Masama munka turo ta gida, na aika muku. Gero yana tsiro na aika, sai da anka yanke shi makanikenku Yakubu ya iso, kuma bisa jaki ya zo. Na sauke shi a zaurena. Tuwon shinkafa da kifi safe da maraice, har wandonsa ya daina shiga. Ya zazzage cikin motar a kan tabarma, ya mayar, sai ga ƙarafa cike da ƙwarya sun yi saura. Na tambaye shi, ya ce Turawa kan zuba fiye da kima ne saboda yalwar ƙarfe a ƙasarsu. Na yarda, don ban taɓa zuwa ba.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Tun da Yakubu ya tafi motar tana tashi, amma da baya kaɗai take tafiya. Ga shi na riga na yi wa surukina, dattijo mai daraja, alkawarin mayar da shi gida Kalgo a cikinta, ga goron mutane yana neman bushewa. Haka munka fita daga Gwandu muna kallon Gwandu. Bello ya murɗe wuya yana tuƙi, yara na bin mu, ko mu ke bin su, ban sani ba. A rabin hanya surukina ya ce a sauke shi, shi bai saba barin gari gari na kallon idonsa ba. Ya ɗauki sandarsa ya taka, ya riga mu isa. Yana zaune a inuwa munka shigo kasuwar Kalgo da gindi, munka bi ta kan tukwanen wata tsohuwa. Abin da ta faɗa mini ba ya rubutuwa.

Yanzu daga Gwandu har Kalgo sunana Hassan Koma-baya. Ba dariyar ta dame ni ba. Fatake sun daina ba ni kaya, wai kada cinikinsu ya bi sawun motata. Matata kuwa ba ta yi mini magana ba tun ranar.

Saboda haka ina roƙo, ranka ya daɗe, a aiko wani makanike, ba Yakubu ba, wanda zai nuna wa motar nan gabanta, ya kuma nema wa ƙarafan cikin ƙwarya mazauni. Sai dai a sanar da ni kafin ya taso, domin kazarmu ta yi kwanci a kujerar direba, kuma a gidan nan ita kaɗai ta ga amfanin motar. Ba zan tashe ta ba sai ta ƙyanƙyashe.

Allah ya ja zamaninka, ya kai ka ƙasarku lafiya, ya tsare ka da gyaran mutanenka.

Wassalam.

Malam Hassan mai goro,
Gwandu.