Kyamarata a Cikin Miyar Taushe

Daren Asabar, Greensboro

Har yanzu takaici bai sake ni ba. Yau na je ɗaukar bidiyon sunan jikar Hajiya Rabi a Summerfield, da sabuwar ƙafar nan mai yatsu uku da na ɗaura wa sandar kyamarata don ta daina rawa. Tun safe ta tsaya ƙyam, har na fara yabonta.

Liman na shirin faɗin suna, sai Alhaji Sabo, ƙanin Hajiya, ya dafa sandar da duk nauyinsa, wai zai gyara takalmi. Yatsa ɗaya na ƙafar ya karye. Kyamara ta faɗa tsundum cikin kular miyar taushe.

Na ce, "Haba Alhaji!"

Ya ce, "Ke ma dai 'yata, wa ke tsayar da wannan abin a hanya?" Ya ɗebi miyar nan ya zuba a farantinsa, ya wuce. Ko sannu babu.

Kyamarar ta tashi bayan na goge ta. Amma uban jaririyar bai samu biza ba, yana Kano yana jiran ya ga lokacin da aka ambaci sunan 'yarsa. Na duba wurin a bidiyon sau nawa. Babu komai sai kabewa da muryar Alhaji.