Kai Ni Gida Ko Bar Ni Gida?

Salama gare ku 'yan'uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya kusa shekara arba'in yana cina.

A 1987 muna Kakuri a Kaduna, Babana ma'aikacin masaƙa ne, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, baki ya tafi, alƙalami ma ba ya riƙuwa, yatsa ɗaya ne ke motsi. Wani ɗan cocinmu ya ara mana 'yar kwamfuta irin wadda ake jonawa da talabijin, Baba ya danna harafi mu karanta. To talabijin ɗinmu irin mai kabad ɗin nan ce, ba ta shiga ƙofar ɗakinsa, wayar kwamfutar kuma yadi biyu ce kacal. Ni da rawar kaina na haɗa guntayen wayar eriya har huɗu na naɗe da salatif, daga gadonsa har falo. Mai gyaran rediyon layinmu ya gargaɗe ni cewa waya in ta yi tsawo haka hoto mutuwa yake yi, na ce masa hassada ce. Ai kuwa allon ya cika da shinkafa, haruffa na rawa, amma na nace wa kowa ni ina gani sarai.

Ranar da ƙannensa suka zo tafiya da shi ƙauye, rigima ta tashi, Mama ta ce asibiti ya fi kusa a nan, suka ce gida gida ne. Aka ce a tambayi mai jikin. Duk suna ɗaki, ni kaɗai a falo. Na ga NI GIDA, amma kalmar farko, KAI ce ko BAR, Allah ya sani ban gane ba. Kunyar in ce wayata ta gaza ta sa na ɗaga murya na ce, "Ya ce bar ni gida." Mama ta ce hawaye ya zubo masa, ta ɗauka na godiya ne. Kashegari ya daina motsi, kwana uku ya rasu, a nan Kaduna muka binne shi.

Har yau in talabijin ta yi shinkafa sai in tsaya ina neman haruffa uku a ciki.

Yanzu Mama ta tsufa, jiki ya ƙi. Ranta na ƙauye, na sani, amma jiya ta riƙe hannuna ta ce, "A sa ni kusa da Babanku. Tunda ya zaɓi Kaduna, ni ma na zaɓa. Ai kai ka karanta mana."

Jama'a, in faɗa mata ban taɓa ganin kalmar ba, ko in bar ta ita ma ta kwanta a kan karatuna?