Sun Janye Kuɗin Tsere

Laraba da dare, unguwar Baiyun, kusa da filin jirgi

Rubuta min a littafin nan, Hadiza, ke ce mai boko, kuma ban da dariya. Yau mijinki ya dawo ko sallamar kirki bai iya yi ba. Wai kamfanin da ke ƙera motocin gudun nan bashi ya yi masa katutu, ya janye kuɗin da yake ba 'yan tsere, ogansu ya ce kowa ya tafi gida.

Ni dai tun da na gan shi cikin hular kwanon nan, mota tana kuka kamar jiragen da ke wucewa ta kanmu, ban ƙara barci ba. Kowace sallah roƙona Allah ya raba shi da motar nan. To an raba su, ga yaro zaune ya kasa cin tuwo. Wallahi ban roƙi a karya masa zuciya ba.

Ɗan fari ne, ina ni ina zaman lallashinsa? Ke ki je. Ki ce in wani kamfanin ya neme shi ya tafi, Inna ta yarda. Sai dai ranar tsere kada wanda ya gaya min, sai ya dawo.