Shanyar Wandon Ganduroba

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randata lokacin ƙishi, matata ni kaɗai,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka hana shi ganinki. Telan da muke ɗaki ɗaya gobe za a sake shi, shi zai kawo miki wannan, don haka yau zan saki baki ba mai leƙa mini takarda.

Ke kuwa, wa ya koya miki wannan muguntar mai daɗi? Na sha yi miki ƙorafin ganduroban nan da muke kira Mai Cokali, wanda duk abincin da kika kawo sai ya tsame naman da sunan bincike, ya miƙo mini romo. Ashe tun daga ranar kina ƙulla abinki. Ranar ziyara, da aka ce ki fara ɗanɗanawa kamar yadda dokar gidan ta ce, na ga kin kai loma kin haɗiye, hawaye suna bin kumatunki. Ke da ƙamshin barkono kaɗai yake sa ki atishawa! Gogan ya ɗauka kewata ce ta sa ki kuka, har yana ba ki haƙuri, sannan ya cika baki da tsoka. Ban taɓa ganin ƙato ya zura da gudu haka ba, hula a ƙasa, yana neman famfo. Wace mace ce za ta ƙone harshenta don mijinta in ba ke ba? A ranar sonki ya ƙara tsiro a zuciyata kamar ciyawa bayan ruwan farko.

To, a kaina ya huce. Ya ce na yi masa dariya a bakin aiki, ya sa aka dakatar da ziyarata, alhali har abokan aikinsa sun riƙe ciki. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, domin ganinki ne kaɗai yake sa kwanakin nan su yi tafiya. Bai tsaya nan ba, ya ɗora mini aikin da kowa yake gudu: wankin kakin gandurobobi, da hawa saman bene da shi a tsakar rana in shanya.

Abin da bai sani ba, tumbinsa bai taɓa barinsa ya hau benen nan ba. Daga wajen igiyar shanya ana hango bayan katanga, titi sarai, har rumfar mai faci! Shi ya sa kullum nake saukowa ina nishi, ina dafe ƙugu, ina roƙonsa ya canza mini aiki. Da ya ji haka sai ya ƙara mini kwanaki.

Na ji yayanki yana shirin zuwa wurin shugaban gidan. Ki ce masa ya yi maganar ziyara da ƙarfinsa, haƙƙina ce kuma ina son abata. Amma don Allah, rabin raina, ki ja masa kunne kada ya taɓa zancen wanki.

Ki zo rumfar mai faci bayan azahar, ki yafa gyalen nan ruwan ɗorawa don in gane ki daga nesa. Ba ni da fure, ba ni da turare. Idan kika hango wani mutum a sama yana kaɗa ƙaton wando da hannu biyu, ki sani mijinki ne yake cewa yana sonki.

Naki a ciki, naki a waje, naki har ƙarshen numfashi,
Mai wankinki.